Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai girma Ministan Ilimi: a wajabta darasin kisan ƙare dangi a makarantun gwamnati

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan Allah ya taya ka riƙon wannan kujera. Ni malamin tarihi ne a makarantar gwamnati, na haura shekara 20 ina shan ƙurar alli, kuma na san teburinka cike yake da koke-koke, wannan na kukan albashi wancan na kukan iska ta yaye rufin aji, to sai ga wani kuma ya zo da maganar kisan ƙare dangi, za ka iya cewa malam wannan ai ba shi ne a gabanmu ba yanzu. Na yarda rufin aji na gaba. Amma don Allah ka ba ni aron kunnenka na ɗan lokaci, in na gama sai ka yanke hukunci.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A sa darasin kisan ƙare dangi cikin manhajar sakandare, a wajabta shi a kowace makarantar gwamnati, a ware masa awanni a jadawali, ya kuma riƙa fitowa a jarrabawa. Shi ke nan.

Bari in gaya maka abin da ya sa na ɗauki waya na fara wannan dogon rubutun. Kwanakin baya na shiga aji bayan tara, yara sun yi cincirindo a bayan aji kan waya ɗaya suna ta ƙyaƙyata dariya, na karɓi wayar kamar yadda doka ta ce, sai na tarar wani ɗan gajeren bidiyo ne, wani mutum yana magana kan wata al'umma, yana cewa su ba mutane ba ne ɓeraye ne, kuma ɓera ba a lallashinsa, guba ake sa masa. Yaron da ke da wayar yaro ne mai ladabi wallahi, shi ke share min allo ba tare da na sa shi ba. Na ce masa ka san an taɓa faɗar irin wannan magana a rediyo aka kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100? Ya dube ni ya ce, malam a wane fim ne? Ba rashin kunya yake min ba, da gaske yake tambaya. Na tambayi ajin gaba ɗaya wa ya taɓa jin abin da ya faru a Ruwanda a 1994, hannu biyu kawai na gani, ɗaya daga cikinsu ma ce min ya yi ai yaƙi aka yi. A daren nan barci sai ɓarawo, don ni ne malaminsu na tarihi, in ba su sani ba ai laifin bai wuce ni da kai ba, ranka ya daɗe.

Na san amsar da aka saba bayarwa a taruka, wai jahilci ne ke kawo irin wannan ta'asa, a ba yara ilimi kawai komai zai daidaita. Ni ma na daɗe ina faɗar haka har sai da na zauna na bi sunayen waɗanda suka aikata abin ɗaya bayan ɗaya, jikina ya yi sanyi. A ranar 20 ga Janairu 1942 wasu manyan jami'an Jamus su 15 suka zauna a wani gida a Wannsee, gefen birnin Berlin, suka tsara yadda za a ƙarar da Yahudawan Turai, taron bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba, kuma 8 daga cikinsu suna da digirin dokta. Julius Streicher, mai jaridar nan da ta shekara da shekaru tana zana Bayahude a matsayin dodo, wanda aka rataye a Nuremberg a 1946, asalinsa malamin firamare ne. A Kambodiya mutumin da ake kira Duch, shugaban kurkukun Tuol Sleng inda aka shigar da mutum sama da 12,000 ƴan ƙalilan suka fito da rai, malamin lissafi ne, shi kansa kurkukun makarantar sakandare ce aka mayar, azuzuwan ne aka yanyanka da bulo aka yi ɗakunan azaba. Radovan Karadzic, shugaban Sabiyawan Bosniya da kotu ta samu da laifin kisan ƙare dangi, likitan ƙwaƙwalwa ne. A Ruwanda kuwa, Jean-Paul Akayesu, mutum na farko da wata kotun duniya ta samu da laifin kisan ƙare dangi, a ranar 2 ga Satumba 1998, ya yi koyarwa har ya zama sufeton makarantu kafin ya zama shugaban yankin Taba. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon RTLM da ya rura wutar kisan Ruwanda, don shi malamin tarihi ne a jami'a, wato abokin sana'ata ne kai tsaye.

Ka ga ke nan ba rashin boko ba ne. Waɗannan mutanen sun iya lissafi sun iya nahawu sun ci jarrabawa da sakamako mai kyau. Abin da makarantunsu ba su koya musu ba, ko kuma suka koya musu a juye, shi ne gane hanyar da ke kai al'umma ga wannan ramin. Kuma hanya ce, tana da mafari tana da zango-zango, ana iya koya wa yaro ya gane ta kamar yadda ake koya masa alamomin kwalara.

Ɗauki Ruwanda, tunda ita na fi karantawa. Mutane na ɗauka jirgin shugaba Habyarimana aka harbo ranar 6 ga Afrilu 1994 sai kawai jama'a suka haukace. Ina! Tun a farkon shekarun 1930 Turawan Beljiyam suka fito da katin shaida da ke rubuta ƙabilar mutum, Hutu ko Tutsi ko Twa, abin da a da yake ɗan sassauƙa ya zama tambari na har abada, ana gadonsa ta wajen uba, alhali mutanen nan harshensu ɗaya, suna auratayya, coci ɗaya suke shiga. Bayan samun ƴancin kai ba a soke katin ba. Waɗanda suka tsira da yawa sun ba da labarin yadda malami zai shigo aji ya ce Tutsi su miƙe tsaye a ƙirga su, yaro ɗan shekara 7 da bai ma san me ake nufi ba sai ya koma gida ya tambayi uwarsa. A Disamba 1990 jaridar Kangura ta buga wasu dokoki 10 na Hutu, cikinsu har da cewa duk Bahutun da ya auri Batutsa maci amana ne. A 1993 RTLM ta fara watsa shirye-shirye, kuma ba da huɗubar kisa ta fara ba, da kiɗa mai daɗi ta fara da barkwanci da hira irin ta matasa, a cikin raha ake jifan Tutsi da kalmar inyenzi, wato kyankyasai, har kunne ya saba. A ranar 11 ga Janairu 1994, wata uku kafin abin, kwamandan sojan Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar, Janar Romeo Dallaire, ya aika saƙo hedkwata a New York cewa wani na ciki ya tsegunta masa ana rubuta sunayen Tutsin Kigali, an ɓoye makamai, kuma mutanen da aka horar za su iya kashe mutum 1,000 cikin minti 20. Ya nemi izinin kai samame rumbunan makaman aka hana shi. Da abin ya tashi kuwa, katin nan na shekara 60 da suka wuce shi ake nema a shingen hanya, a duba, a ce ka koma gefe. Kisan ma ba a kiransa kisa, aiki ake ce masa, a ce mutane su fito aiki da safe, su tashi da yamma, gobe su dawo. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar yanka mutane, sai ta rage sojojinta zuwa 270.

Duk shekarar da na samu dama na ba da wannan labarin a aji, sai an samu yaron da ya ɗaga hannu ya ce, to malam ina maƙwabtansu suke, me ya sa ba su taimake su ba? Sai in ce masa ai a wurare da yawa maƙwabtan ne riƙe da addar, su suka san wane gida ne, su suka san yaran gidan nawa ne da inda za su ɓuya. Ajin sai ya yi tsit. Wannan shirun, ranka ya daɗe, shi nake so kowane yaro a ƙasar nan ya ɗanɗana sau ɗaya kafin ya bar sakandare, don a cikinsa ne yake fara tambayar kansa, ni fa, da ina wurin, a wane ɓangare zan kasance.

Jamus ma haka. Kafin a kai ga sansanin Auschwitz inda aka kashe mutum kusan miliyan 1.1, kafin adadin Yahudawan da aka hallaka ya kai miliyan 6 ban da dubban ɗaruruwan ƴan ƙabilar Roma, da makaranta aka fara. Tun Afrilu 1933 aka yi dokar taƙaita yawan yaran Yahudawa a makarantu da sunan wai rage cunkoso, a 1935 dokokin Nuremberg suka ƙwace musu zama ƴan ƙasa suka haramta auratayya, a Nuwamba 1938 aka kore su daga makarantun gwamnati baki ɗaya. Kowane mataki akwai hedimastan da ya karɓi takarda daga ma'aikata ya sa hannu ya aiwatar, ya koma gida ya ci abincinsa.

Sai maganar kalmar kanta. Yanzu in ka shiga intanet kowa kisan ƙare dangi yake kira, faɗan kasuwa ma in ya yi tsami haka za a ce, wani kuma an kashe dubbai a gabansa zai ce ai ba komai ba ne rikici ne kawai. Duka biyun rashin sani ne. Kalmar tana da tarihi tana da ma'ana a shari'a. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Foland, Raphael Lemkin, shi ya ƙirƙiro ta a 1944, mutumin da ya rasa danginsa 49, kuma abin da ya fara tayar masa da hankali tun yana ɗalibi shi ne kisan Armeniyawa na 1915 a Daular Usmaniyya ta Turkawa, yana mamakin yadda in ka kashe mutum ɗaya akwai dokar da za ta kama ka amma in ka kashe al'umma guda babu ko sunan laifin. Ya yi ta bin wakilan ƙasashe kamar mai bara har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi da hukunta shi ranar 9 ga Disamba 1948, ta fara aiki a 1951. Abin da ta ce shi ne, aikata wasu abubuwa da niyyar ƙarar da wata al'umma, dukkanta ko wani sashe nata, saboda ƙasarta ko ƙabilarta ko launinta ko addininta. Kuma ba kisa kaɗai ba, har da yi musu mummunar illa a jiki ko a ƙwaƙwalwa, da jefa su cikin halin rayuwar da aka shirya don ya hallaka su, da hana su haihuwa, da ƙwace ƴaƴansu a mayar da su wata al'umma. Tunzura jama'a a fili su aikata shi ma laifi ne mai zaman kansa, ko da mai maganar bai taɓa riƙe ko tsinke ba. Wannan na ƙarshen shi nake so yaran da ke tura saƙon murya daga wannan zaure zuwa wancan su sani. Hausawa sun riga sun faɗa, baki shi ke yanka wuya.

To me ya sa sai an wajabta, ba za a bar wa malamai su yi in sun ga dama ba? Ranka ya daɗe ka yi koyarwa ko ba ka yi ba ban sani ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san gaskiyar nan, abin da ba ya fitowa a jarrabawa ba a koyar da shi. Zango gajere ne, manhaja doguwa, ga hutun da ba a shirya ba, ga aji mai yara fiye da kujeru. In malami ya zo zaɓen abin da zai tsallake, wanda zai jawo masa surutun iyaye shi zai fara tsallakewa. Ni kaina akwai shekarun da na tsallake, ba zan yi maka ƙarya ba, saboda babu takardar da zan nuna wa shugaban makaranta in wani uba ya zo yana faɗa. Doka ita ce garkuwar malami.

Wasu ƙasashe sun riga mu. A Ingila tun 1991 darasin kisan Yahudawa wajibi ne a manhajar tarihi. A Amurka jihar Illinois ta wajabta shi daga 1990, a 2005 ta faɗaɗa dokar ta haɗa da sauran kashe-kashen ƙare dangi, New Jersey ta yi tata a 1994, Michigan a 2016 ta ƙayyade awa 6 tsakanin aji 8 zuwa 12, yanzu jihohin da ke da irin wannan doka sun haura 20. UNESCO ma ta fitar da jagora ga masu tsara manufofin ilimi a 2017, ba sai mun fara daga tushe ba. Amma kar in ruɗe ka, doka kaɗai ba ta isa. A Ingilar ma da aka yi bincike kan ɗalibai bayan shekaru ana koyarwa, an tarar da yawansu Hitler shi kaɗai suke ɗora wa laifin, kamar shi ya tuƙa jiragen ƙasan shi ya rubuta sunayen shi ya tsare ƙofofin. In yaro ya fita aji da tunanin wani mahaukaci guda ne ya yi, to an yi ba a yi ba, don zai ce mu ai ba mu da irin wannan mahaukacin, ya kwanta ya yi barcinsa. Awa 6 ɗin nan ma ni a ganina ta yi kaɗan sosai.

Bari in tona wa kaina asiri, don ka ga dalilin da ya sa nake nacewa kan horar da malamai. Farkon lokacin da na gwada wannan darasin, ina saurayin malami mai zafin kai, na ce bari in sa yaran su ji a jikinsu. Na raba ajin biyu, na ɗaura wa rabi ƙyalle a hannu, na ce yau ku ba za ku zauna a kujera ba, ba za ku yi magana ba sai an ba ku izini, sauran kuma ku ne masu iko. Na ɗauka dabara na yi. Kafin minti 15 masu ikon sun fara jin daɗin abin, wani ya ture littafin wata yarinya ƙasa ya ce ta ɗauka, ta ɗauka tana hawaye ba ta ce komai ba. Na tsayar da wasan na yi ta bayani amma aikin gama ya gama, sunan da na laƙa wa masu ƙyallen ya bi su har ƙarshen zango, a filin wasa ake kiransu da shi. Yarinyar nan ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba. Daga baya na gano masana wannan fanni sun daɗe suna gargaɗi kan irin wannan wasan kwaikwayo, da kuma watsa wa yara hotunan gawarwaki don a girgiza su, domin yaro ko dai ya firgita ya rufe zuciyarsa ko ya mayar da abin dariya don ya kare kansa. Ba wanda ya gaya min, don ba wanda ya koya min. In ka sa hannu a doka ka turo mana takarda kawai babu bita babu littafi, abin da na yi shi dubban malamai za su yi, wasu ma abin da ya fi shi muni, don malamin da ke da tasa ƙullalliyar a zuci zai mayar da darasin wurin nuna wa yara su wane ne mugaye tun asali. Wannan kuwa gara ba a yi ba, shi ne ainihin aikin Nahimana.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, tayar da tsohon miki ne, yara ba su san komai ba me zai sa a cusa musu. Na fahimce su, wasunsu ma dattawa ne da suka ga abin da ba sa son tunawa. Amma wa ya ce yaran ba su san komai ba? Suna ji a gida, suna ji a waya, kowa da sigar da aka ba shi, wadda a cikinta mutanensa ne kaɗai aka zalunta. Ruwanda ta dakatar da koyar da tarihinta a makarantu sama da shekara 10 bayan 1994 saboda tsoron wannan, daga baya ta ga shirun ba mafita ba ne ta dawo da shi. A Kambodiya, inda ƴan Khmer Rouge, masu mulkin ƙasar a lokacin, suka yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 1.7 ko fiye tsakanin 1975 da 1979, an daɗe ba a koyar da zamanin yadda ya kamata ba, har ta kai iyaye na ba ƴaƴansu labarin abin da suka gani da idonsu yaran na ɗauka ƙari suke yi, sai wajen 2009 aka fara raba littafin darasin a makarantu. A Bosniya kuma, inda aka kashe maza da yara maza Musulmi sama da 8,000 a Srebrenica cikin ƴan kwanaki a Yuli 1995, a garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tudun mun tsira ne, har yau akwai makarantun da yara ke shiga gini ɗaya amma an raba su bisa ƙabila kowa da littafin tarihinsa, kuma har yau akwai shugabannin da ke musanta abin duk da hukuncin kotu. Musantawa ma ai zango ne a cikin hanyar, shi ne na ƙarshe a jerin matakan da masani Gregory Stanton ya tsara.

Wata tambayar da na san za ta taso, kuma gara in taɓo ta da kaina, ita ce kisan wa za a koyar? Don akwai masu zargin duk wannan magana ta Turawa ce, a koya wa yaranmu kukan wasu a manta da na wasu. Zargin ba a banza ya taso ba. Yara nawa ne a duniya suka taɓa jin sunan Herero da Nama? A Namibiya ta yau, tsakanin 1904 da 1908, sojan Jamus ƙarƙashin Janar Lothar von Trotha suka kora Herero cikin hamadar Omaheke suka tsare rijiyoyi, da umarni a rubuce cewa duk Baherere da aka gani a harbe, waɗanda suka rage aka tara su a sansanoni, ana ƙiyasin kusan kashi 80 cikin 100 na Herero sun hallaka da kusan rabin Nama, kuma sai a 2021 gwamnatin Jamus ta kira abin da sunansa a hukumance. Saboda haka manhajar da nake roƙo ba ta al'umma ɗaya ba ce. A sa Namibiya, a sa Armeniyawa tare da gaya wa yara cewa Turkiyya har yau ba ta yarda da kalmar ba da dalilan da take bayarwa, a sa Yahudawa da Roma, a sa Kambodiya har da Musulmin Cham da kotu ta tabbatar a 2018 an yi musu, a sa Ruwanda da Bosniya. In yaro ya ga a nan Kirista ne aka kashe a can Musulmi a can Bayahude a can mai bin addinin gargajiya, kuma masu kisan ma haka suke a gauraye, zai daina neman wace ƙabila ce muguwa ya koma kallon hanyar.

Yara kuma za su yi tambaya kan na yau, babu makawa. Za su tambayi Darfur, inda kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, ta ƙara tuhumar kisan ƙare dangi kan shugaban Sudan na lokacin, Omar al-Bashir, a 2010. Za su tambayi Yazidawan Sinjar a Iraƙi, da ƴan ISIS suka far wa a 2014. Za su tambayi Rohingya, da sama da 700,000 suka tsere daga Myanmar a 2017, har kamfanin Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana a yi amfani da shi a rura wutar, kuma ƙaramar ƙasa Gambiya ce ta kai ƙara kotun duniya a 2019. Za su tambayi Gaza, da Afirka ta Kudu ta shigar da ƙarar Isra'ila a Disamba 2023 ƙarƙashin wannan yarjejeniyar dai ta 1948. Kar a ce wa malami ya ce musu ba a manhaja yake ba, daga ranar sun daina yarda da shi. A ba shi horon da zai ce ga abin da yarjejeniyar ta ce, ga hujjar masu ƙara, ga amsar waɗanda ake ƙara, ga inda shari'a ta tsaya, ku auna. Yaron da ya iya wannan ba a jansa da hanci da bidiyon minti ɗaya.

Kar kuma a cika darasin da gawa kaɗai, a ba waɗanda suka ƙi wuri mai faɗi. Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal da ke aikin sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kigali, ba shi da bindiga, da motarsa kawai yake ɗibar mutane kaɗan-kaɗan yana ratsa shingayen ƴan adda da hira da barkwanci har ya tsirar da ɗimbin rayuka, kafin ɓarɓashin harsashin igwa ya kashe shi ranar 31 ga Mayu 1994. Musulmin Ruwanda da yawa sun ɓoye mutane a gidajensu da masallatai, amma a gaya wa yara gaskiya duka, editan Kangura ɗin nan Hassan Ngeze shi ma Musulmi ne, don kar wani ya ɗauka sunan addininsa kaɗai rigakafi ne. Sai kuma ɗaliban sakandaren Nyange. A daren 18 ga Maris 1997, shekara 3 bayan kisan, ƴan bindiga suka shiga ajinsu suka ce Hutu su ware gefe Tutsi su ware gefe. Yaran suka ƙi, suka ce su duka ƴan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta, 6 suka mutu a daren. Sa'o'in ɗalibaina ne, ranka ya daɗe, a kan benci irin nasu suke zaune. Duk lokacin da na kai nan a aji muryata sai ta sarƙe, yaran kuma ba wanda ke motsi.

Saboda haka in za ka yi, don Allah a yi shi da kyau. A fara da kwalejojin horon malamai kafin a taɓa jadawalin yara, ko da zai ɗauki shekara 2, ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda za su rubuta littafin su kasance masana tarihi daga ɓangarori daban-daban, ba ƴan jam'iyya ba, kuma a fassara shi zuwa harsunan da yaran ke tunani da su, don wannan ba darasin haddar Turanci ba ne. Ƙananan firamare a bar su da koyon zama da wanda ba irinsu ba, ainihin darasin ya fara daga sakandare. Tambayar jarrabawa kuma kar ta tsaya a mutum nawa aka kashe a shekara ta nawa, a ba yaro wani yanki na jawabi ko rubutun jarida a ce ya nuna inda aka fara cire wa mutane rigar mutuntaka.

Yaron nan mai waya na mayar masa da wayarsa bayan an tashi. Washegari ya same ni a ƙofar ɗakin malamai ya ce ya goge bidiyon, amma kafin in karɓe ya riga ya tura wa mutum 4, yana tambayata yanzu ya zai yi. Na ce ya je ya gaya musu abin da na gaya masa. Ya ce malam ba za su yarda ba, su ba a koya musu a makarantarsu ba.

Na barka lafiya, Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin tarihi a makarantar gwamnati